Ciyayin Baffa Buba

Babu wata daula da ta taɓa miƙewa a doron ƙasa face sai da wani malamin firamare ya fara ja mata layi da rula a gefen takarda. Alƙalai da likitoci da manyan hafsoshin soja, dukansu sun taɓa zama a kan benci mai gurguwar ƙafa suna kallon ƙeyar wani bawan Allah yana rubuta kwanan wata a kusurwar allo. Ban faɗi haka don a ƙara mini albashi ba, na riga na yi ritaya. Na faɗa ne saboda ku sababbin malamai da kuka tare ni a wajen bita a Birnin Kudu, ɗayanku yana cewa wai ɗan tallafin nan da ake ba malami ya ƙirƙiro wa ajinsa aiki da kansa ba wani abu ba ne, wayarsa za ta cike masa fom ɗin kafin shayinsa ya huce. Na yarda za ta cike. Ni ma na taɓa cike fom ɗin, da hannu, kuma ba a sami kuskure ko ɗaya a cikinsa ba. Abin da ya biyo baya nake so ku ji.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan ba koyarwa ba ne, shafa wa allo baƙi ne. A wata firamare ce cikin Birnin Kudu, ƙarƙashin hedimasta Malam Garba, dogon mutum mai jan biro biyu a aljihun gaba, ɗaya na aiki, ɗaya na ko-ta-kwana. Ya sa na daka gawayi, na fasa tsofaffin batura na kwashe baƙin garin da ke ciki, na jiƙa ƙaro, na dama su suka yi kauri kamar kunu. Ana shafawa da tsumma daga sama zuwa ƙasa, ba a komawa baya, sannan a bar shi ya bushe a inuwa. In ka yi gaggawa ka kai shi rana zai yi ƙyalli, yaran da ke gefen taga ba za su ga komai ba, kai kuma ka yi ta yi musu faɗa a kan laifin allo. Alli kuwa ana karya shi biyu kafin a shiga aji. Cikakken alli yana ƙara, kuma yana da saurin bin abokan aiki gida.

Amma babban abin da Malam Garba ya dasa mini shi ne tsarin darasi. Duk safiyar Litinin za ka kai masa littafinka ya sa hannu: gabatarwa, mataki na ɗaya, na biyu, na uku, auna fahimta, kammalawa. Wata rana ya zauna a bayan ajina ina koyar da rabawa, wata tambaya ta ja ni zuwa ƙarshen darasi tun ban gama farkonsa ba, ni kuwa na bi ta. Yara suka gane, har masu gyangyaɗi suka farka. Da aka tashi ya kira ni ofis.

"Malam Bukar, ina mataki na biyu?"

"Ranka ya daɗe, ai yaran sun riga sun gane."

"Ban tambaye ka yara ba. Na ce ina mataki na biyu. Ko ya tafi hutun haihuwa ne?"

Tun daga ranar ban sake tsallake mataki ba. Kada ku ɗauka ina sukar mamaci ne, Allah Ya jiƙansa. Ranar da ka tsaya gaban ajin da ya cika har bakin taga, ga zazzaɓi a jikinka, ga rufin kwano yana gasa ka, matakan nan ne za su riƙe ka har a kaɗa ƙararrawa. Sun riƙe ni fiye da shekara ashirin.

Masu sayen hajarmu ba su cika neman ta ba. Yaro bai ce a kawo shi ba, ubansa yana so a maido masa shi in noma ya kama, sufeto kuma littafinka ya zo dubawa, ba ajin ba. A Sundimina, tun ba a san da wani tallafi ba, na taɓa yin ƙwallon duniya da duma. Na sami babba mai zagaye sosai a wajen wata mai furar da ta ce ya yi mata nauyi, na kankare shi, na shafa shuɗin bula a inda teku take, na zana ƙasashe da ɗan ragowar fentin ƙofar ofis, na soke shi da sandar keke don ya riƙa juyawa. Wani uba ya zo ɗaukar ɗansa zuwa gona, ya tsaya yana kallo ta taga, ya ce a nuna masa Makka. Na nuna masa. Ya ce a nuna masa Sundimina. Na ɗora bakin alli. Ya auna tsakaninsu da yatsa biyu, ya girgiza kai, ya ce lallai masu jirgi ba su da tsoron Allah. Ya bar yaron har aka tashi. A sana'ar nan irin wannan ake kira riba.

Shekarar da nake son ba ku labarinta, an riga an mai da ni wata ƙaramar makaranta a yankin Dingaya, can ƙasar Gwaram. Rabin 'yan ajina Fulani ne na rugagen da suka daɗe da zama wuri ɗaya, suna noma suna kiwo, kuma in ba ka ga dogon hanci ba ba za ka raba su da sauran yara ba, don Hausa kowa yake yi. Ina koyar da aji biyar darasin tsirrai. Littafin da ke hannunmu ya zana wasu itatuwa masu tsini irin na ƙasashen ƙanƙara, waɗanda ni kaina ban taɓa gani ba. Na ce kowa ya faɗi tsiron da ya sani. Aka ce gero, aka ce dawa, aka ce tsamiya. Wani ya ce ciyawa. Sai wata yarinya mai suna Dudu, wadda zango biyu ban ji muryarta ba in ba wajen kiran suna ba, ta ɗaga hannu.

"Malam, Kaka ya ce babu wata aba wai ita ciyawa."

"To me shanunku suke ci, shinkafa?"

Aji ya yi dariya. Ta jira suka gama.

"Ya ce kowace da sunanta. Ya ce wanda ya ce ciyawa kamar wanda ya shiga gari ne ya ce kowa sunansa mutum."

Na ce ta faɗa mana sunayen. Ta ce ba ta sani ba, da Fulatanci ne, ita kuwa ba ta ji sai "zo" da "tafi" da zagi.

Ranar Asabar na tura babur ɗina har rugarsu. Na sami kakan, Baffa Buba, a gindin tsamiya yana tufka igiya, tsoho ƙwarai, siriri, da malafa a gwiwarsa. Muka gaisa, ya tambayi sunana. Da ya ji Bukar sai fuskarsa ta washe, don kakana daga Borno ya zo Birnin Kudu da allonsa, kuma kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari.

"Dudu, kawo wa bawana tabarma. Kada ki kawo sabuwar."

"Baffa, na zo duba dukiyata ne," in ji ni. "Na ga ka kula da shanun, ba laifi."

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya miƙa hannu gefen tabarmarsa, bai ko duba ba, ya tsinko ciyawa biyu ya miƙo mini.

"Malamin makaranta, mene ne wannan?"

"Ciyawa."

"Wannan fa?"

"Ita ma."

"To kai da amaryata ajinku ɗaya." Dudu yake nufi, wasan kaka da jika. Ta murguɗa masa baki ta ce ita ba ta auren tsoho mara haƙori.

Ya ce ta farkon, in saniya mai jego ta samu, ƙwarya ba ta ɗaukar nononta. Ta biyun, in ta ci ta da raɓa kafin rana ta ɗaga, cikinta zai kumbura kamar ganga, in ba a yi sauri ba sai wuƙa. Ya faɗi sunan kowace, na ji su kamar yadda ake jin sunayen garuruwan ƙetare a rediyo. Ya ce ya san na tudu da na kwari, da wadda ke fitowa a inda tsohon garke ya zauna, da wadda in ka gan ta ka san ruwa yana kusa da ƙasa. Na tambaye shi 'ya'yansa fa. Ya ce babban, Sambo, uban Dudu, ya san sunan takin zamani kala-kala.

"Kai, kana jin Barbarci?"

"Gaisuwa kawai, Baffa."

"To ba sai na yi maka dogon bayani ba."

Ba a yi wata guda ba sai ga sanarwa: wata ƙungiya za ta ba malamai ɗan tallafi, kowa ya kawo aikin da ya tsara wa ajinsa. Wasu suka rubuta lambu, wasu wasan kwaikwayo na wanke hannu. Ni na rubuta kundin ciyayi. Yara za su tattaro ciyayin makiyayar da ke tsakanin dutse da rafi bayan makaranta, a busar, a manna, a rubuta sunan kowace da Hausa da Fulatanci da amfaninta, daga bakin Baffa Buba. Fom ɗin yana da gurbi mai cewa matakan aiki, kuma nan na ji kamar an kira ni da sunan yanka. Mataki na ɗaya, tattarawa. Na biyu, matsewa da busarwa. Na uku, mannawa a kundi. Na huɗu, zama da dattijo a rubuta sunaye. Na biyar, baje koli ga iyaye. Ban taɓa rubuta abu mai kyan tsari kamarsa ba.

Jami'ar ƙungiyar, Hajiya Rabi, mace mai saurin magana da ke yawo a bayan ɗan acaɓa da jakar takardu, ita ta kawo mini labarin an amince. Ta karanta fom ɗin a tsaye.

"Wannan tsohon, shekararsa nawa?"

"Shi ma bai sani ba, Hajiya."

"To a gaishe shi," in ji ta, ta hau babur.

Yanzu bari in gaya muku kayan aiki, tun da kuna ganin abin wasa ne. Matsewar ciyawa tana son katako biyu masu faɗi, da tarin jarida, da duwatsu. Jarida ita ce wahala, don a ƙauye ba a karanta ta, a Gwaram kuma masu tsire da ƙosai sun riga ka. Sai da na bi wani masinja a sakatariya da kyakkyawar gaisuwa kafin na sami ɗauri biyu. Ciyawa ba a tsinko ta, haƙo ta ake yi har saiwa, kuma sai wadda ta fid da kai, don kan shi ne fuskarta. A kakkaɓe ƙasar, a shimfiɗa ta tsakanin jaridu, a miƙe kowane ganye da tsinke, a ɗora katako, a ɗora dutse. Duk bayan kwana biyu a canza jarida. In ka yi lalaci ka bari ya kai huɗu, funfuna za ta gaishe ka. Mai kaurin kara kamar gamba ba ta jin gam, sai an ɗinke ta a jikin kwali da zare da allura. Duk wannan na koya wa yara, kuma sun iya.

An koma makaranta daga dogon hutu damina tana kan ganiyarta, makiyaya ta yi shar, ciyayi duk sun fid da kai. Na zaɓi wata Laraba. Na jera yara biyu-biyu, kowane da 'yar fartanya da leda. Muna isa bakin makiyayar sai ga Baffa Buba tsaye, ya dogara sandarsa, ya sa malafa, ya sa rigarsa ta zuwa kasuwa. Dudu ce ta gaya masa.

"Bawana, kun makara. Raɓa ta kusa tashi. Mu je."

Na gaishe shi da ladabi. Na ce masa mun gode ƙwarai, amma yau tattarawa kawai za mu yi. In mun busar mun manna, abin ya yi tsaf, za mu kawo masa har gida ya zauna a inuwa ya faɗa mana, ba sai ya wahala ba.

"Ga ni, ga su," in ji shi. "Me za a jira?"

"Ba a zo wajenka ba tukuna, Baffa. Kai mataki na huɗu ne."

"Ni ne me?"

"A tsarin aikin."

Ya dube ni, ya dubi Dudu. "Amarya, kin ji mijinki ya sami sarauta. Na huɗu."

Ban yi haka don raini ba. A ganina girmamawa ce: ba ka kai wa dattijo aiki yana danye, da laka, da hayaniyar yara talatin. Ban da haka, littafin da za a rubuta sunayen ban gama ja masa layi ba. Bai yi gardama ba. Ya zauna a kan wani dutse a bakin hanya, yara suna wucewa da ledojinsu, wani lokaci ya tsai da ɗaya ya leƙa, ya murza ganye ya shinshina, ya faɗi suna. Na ji da kunnena, sau uku ko huɗu. Hannuwana suna riƙe da jarida. Wayar da ke aljihuna, 'yar ƙarama mai tocila, ashe tana ɗaukar murya, wannan daga baya na gano. Da rana ta yi zafi ya tashi ya tafi gida, mu muka ci gaba da mataki na ɗaya.

Mataki na biyu ya ci makonni, don sai da muka sake fita sau uku. Na uku ya fi shi, saboda jarrabawa ta shigo, girbi ya kwashe rabin aji, kuma na ƙi yarda a manna ko ɗaya a karkace. Sai bayan an gama kai amfanin gona gida kundin ya kammala. Ba don ni na yi ba, ya yi kyau. Farin kwali, bango mai tauri da wani mai ɗinkin littattafan addini a Gwaram ya yi mana, kowace ciyawa a tsakiyar shafinta, ƙarƙashinta layi uku: suna da Hausa, suna da Fulatanci, amfani. Layin farko mun cike waɗanda muka sani, kyasuwa, harkiya, burburwa, gude-gude, tofa. Da yawa ko Hausar ba mu da ita.

Na naɗe shi a sabon zane, muka tafi ni da Dudu. Muka sami Baffa a gindin tsamiyarsa, amma ba ya tufka. Yanar da ke idonsa ta ƙaru tun damina, sai da na yi magana ya gane ni. Na ɗora masa kundin a cinya, na buɗe shafin farko, na cire murfin biro.

Ya kai fuskarsa kusa. Ya shafa da yatsu. Ya ɗaga shafin zuwa hancinsa ya daɗe.

"Gam nake ji."

"Ciyawar fa, Baffa?"

"Wa ya taka ta haka?"

Na yi masa bayanin katako da duwatsu. Ya saurara har ƙarshe. Ya buɗe shafi na biyu, na uku, yana shafawa. A shafin ƙarangiya ta soke shi, ya janye yatsa ya ce wannan kam ko a kabari zai gane ta, ya faɗi sunanta. Ya gane gamba da tsawonta, ya gane tofa da kaifin ganyenta. Saura ya yi ta juyawa.

"Malam," in ji shi, kuma ranar ce ya fara kirana haka, "ni ban san su a kwance ba. Na san su a tsaye, da ruwa a jikinsu. Ina sanin wannan don ga wadda take kusa da ita, ga irin ƙasar, ga warinta in na murza. Waɗannan duk kalarsu ɗaya, warinsu ɗaya. Ka kawo mini gawa ka ce in faɗi muryarta."

Dudu ta ce, "Kaka, ka dai gwada. Wannan a bakin rafi na haƙo ta, kusa da inda kake wanke ƙafa."

"A bakin rafin nan akwai biyar masu kama da juna, amarya. In na yi ƙarya malaminki zai rubuta da biro."

Ya rufe kundin da kansa ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce ba komai, in ruwa ya sauka ciyawa ta tashi, mu zo mu kama hannunsa mu kai shi, ko bai gani ba hancinsa yana nan.

Wata shida ke nan kafin ruwa. Na yi abin da zan iya a tsakani. Na riƙa zuwa ranar Asabar da littafina, na ce ya faɗo sunayen da ka, ko ba ciyawar. Ya riƙa jero su yana lumshe ido, kamar mai kiran shanu, wani lokaci ya tsaya ya ce wannan tana da ɗan gashi a wuya, wannan ba ta son inuwa. Na cika shafi bakwai. Na koma gida da littafi biyu, ɗaya ciyayi ba suna, ɗaya sunaye ba ciyayi, ina jiran damina ta zo ta ɗaura musu aure.

Bazarar shekarar ta yi tsanani. Rijiyar makaranta ta ƙafe, yara suna zuwa da gora daga gida, shanu suka rame har kana ƙirga haƙarƙarinsu daga kan hanya. Hadari ya riƙa haɗuwa a gabas yana watsewa. Wata Litinin na kira suna, Dudu ba ta amsa ba, 'yar maƙwabtansu ta ce an yi musu rasuwa. Zazzaɓin kwana uku. Da na je ta'aziyya Sambo ya ce mini tsohon har ranar ƙarshe yana tambaya ko an ji labarin ruwa ta wajen Bauchi. Kwana tara bayan nan aka yi ruwan shuka.

Ban zauna ba. Da ciyawa ta tashi na haƙo danyu na zuba a buhu, na kai kara, inda ake cinikin shanu, ranar kasuwar Gwaram, na bi dattawan Fulani ɗaya bayan ɗaya da littafin sunayena. Sun karɓe ni da mutunci, bayan sun gama tambayata ko sayarwa nake. Wani ya san biyar, wani ya ce a wajensu ba haka ake kiranta ba, wasu biyu suka kusa faɗa a kan wata 'yar ƙaramar ciyawa mai jan kai. Wani tsoho daga kudu ya saurari jerin da na karanta masa, ya ce rabinsu tun rasuwar mahaifinsa bai sake ji ba, amma in ya ce ga wadda ake nufi ya yi shaidar zur. Na ƙara cike layi shida. Sauran suna nan fari.

Aka yi mataki na biyar a kan lokacinsa. Aka share fili, aka aro kujeru, iyaye suka zo, Hajiya Rabi ta zo da wasu baƙi biyu masu ɗaukar hoto. Kundin ya zaga hannu-hannu. Baƙin suka yaba ɗinkin gamba, suka yaba tsabtar rubutu, suka ce a duk ayyukan zagayen nan babu wanda ya bi tsarinsa daki-daki kamar namu, aka ba ni takardar yabo mai zanen zinariya a gefe. Dudu ce ta riƙe kundin aka ɗauki hoto. Da taro ya watse Hajiya Rabi ta zauna ita kaɗai tana buɗe shafukan a hankali, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

"Malam Bukar, layukan nan fa?"

Na gaya mata, tun daga ranar Larabar.

"Ya zo da kansa?"

"Da rigar kasuwa."

Ta rufe kundin. Sannan ta ce, "Ai gurbin matakan nan mun sa shi ne kawai don mu tabbata malami ya yi tunani. Ba wanda yake bin sa ya duba. Da ka fara da na huɗun, wallahi ba mai tambayarka."

Na ce na sani.

To, ku da wayoyinku, ga abin da zan iya ba ku bayan shekarun nan duka, kuma ba shi da yawa. In kun zauna tsara aiki, ku rubuta matakanku, ku rubuta su da kyau, don mai ba da tallafi yana da haƙƙin ganin kun san inda kuka dosa. In kun gama, ku sake bin su da yatsa ku tambayi kanku wanne ne a ciki yake numfashi. Kwali zai jira ku. Gam zai jira, in kun rufe bakinsa. Baƙi masu hoto za su jira, ko su sake rana. Wanda ba zai jira ba, ku fara da shi, ko da littafinku ba layi, ko da a bayan jarida za ku rubuta. In hedimasta ya tambaye ku ina mataki na biyu, ku ba shi haƙuri.

Na yi niyya, in na huta, in ɗauki littattafan nan biyu in koma, in zauna a makiyayar damina guda, in bi bayanin da tsohon ya bari, mai gashi a wuya, wadda ba ta son inuwa, ko Allah zai sa in haɗa wasu. Daminar bara na cika babur da mai na tafi. Na sami Sambo a wurin, muka gaisa, ya ce Dudu tana gidan mijinta da 'ya'ya biyu, ya tambayi iyali, ya nuna mini aikinsa tun daga gindin dutse har bakin rafi. Riɗi ya shuka a makiyayar duka. Sau biyu yake yi mata feshi, kuma maganin yana da kyau, babu ciyawa ko ɗaya.